Tsofaffin bis na motar gado: yadda ake gane na asali, da dalilin rigimar da ake yi a kansu

Me zai sa dattijo mai hankalinsa ya tayar da jijiyar wuya a kan gwangwanin tumatir cike da tsofaffin bis masu tsatsa, alhali da ƴan canji kaɗan za a cika masa tafin hannu da sababbi fil a kasuwar Katako? Tambayar da ta raba mutanen fadarmu gida biyu ke nan a ƴan makonnin nan. Tun da bidiyoyin raya tsofaffin motoci suka cika Facebook da TikTok, kowa ya fara leƙa motar da ke kwance a bayan gidansu, amma kaɗan ne suka gane cewa darajar irin wannan mota ba a fenti take ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, wani Elhaji a unguwarmu nan Yamai ya kai motar da ya gada daga mahaifinsa garaji. Peugeot 504 ce, amma mai ƙofa biyu, irin wadda ake kira kupe. So yake a mayar masa da ita kamar ranar da ta fito daga kamfani. Aka kwance ta tas domin fenti. Bayan wata biyu, da aka zo ɗaurawa, aka nemi gwangwanin da aka zuba ƙananan ƙarafan aka rasa: yaron garaji ya haɗa shi da tarkace ya sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo. Maigidan garajin ya ce, "Elhaji, ka yi haƙuri, ai bis bis ne. Gobe in sa maka inoks, ko tsatsa ba ya yi." Elhaji ya ce, "Malam, da baget ɗin ce ta ɓata da na fi samun sauƙi, don ita ana ganin ta a hoto. Waɗannan fa, wa zai gaya mana kamanninsu?"

Ni dai a ganina Elhaji na da gaskiya, ko da yake ba a kowane bulon na jikin motar ba.

Kalmar "orijinal" ce ta fara rikita mu

Ƙarafan da ake magana a kansu ba na inji ba ne. Su ne masu riƙe da adon mota: siraran sandunan nan masu ƙyalli da ke bin jiki da gefen gilashi, waɗanda muke kira baget, da ragar gaba, da tambarin kamfani, da kwalin cikin ƙofa, da allon gaban direba, da rufin yadi in motar buɗaɗɗiya ce. Akwai bis da ake juyawa da turnabis, akwai bulon da ekuru, wato abin da ƴan Najeriya ke kira noti, akwai rondel da ake sa wa a ƙarƙashinsu, akwai ribe, ƙusar da ake matse bakinta ta riƙe dindindin, sannan akwai agaraf, ɗan maƙalin ƙarfe ko roba da ke ɓoye a bayan baget yana cije da ita.

A kasuwa, in mai shago ya ce maka kaya orijinal ne, nufinsa yana da ƙwari, ba jabu ba ne. Da wannan ma'anar maigidan garajin ya yi magana, kuma bai yi ƙarya ba, inoks ɗinsa ya fi tsohon bis ƙin tsatsa. A wajen masu raya tsofaffin motoci kuwa, kalmar na nufin wani abu dabam, kuma hawa-hawa ce. Na farko shi ne ainihin ƙarfen da ma'aikacin kamfani ya ɗaura wa wannan motar da hannunsa. Na biye da shi tsohon kaya ne da kamfanin ya yi a wancan zamani amma ba a taɓa amfani da shi ba, ya kwana a shago cikin ledarsa. Sai kwaikwayo, wanda aka ƙera a yau bisa fasalin na da. Can ƙasa kuma sai na gama-gari, wanda kawai ya shiga ramin ya riƙe. Mutum biyu na iya wuni suna musu, kowa na rantsuwa da gaskiyarsa, don ɗaya na magana a kan ƙwari ɗaya kuma a kan asali.

Me ya sa wannan motar ba kamar sauran 504 ba ce

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san 504. Ta fito a 1968, an yi fiye da miliyan 3, kuma tun 1975 ake harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000. Shi ya sa makanikanmu ke ganin babu abin da za a gaya musu game da ita. To amma mai ƙofa biyun da ƴar uwarta buɗaɗɗiya, da aka nuna a Jeniba a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su kuma ya ƙera jikinsu a yankin Turin. Tsakanin tayoyin gaba da na baya ya fi na mai ƙofa huɗu gajarta da santimita 19, kuma ba su haɗa kwanon jiki ko ɗaya da ita ba. Buɗaɗɗiyar ma ba a yi 10,000 ba har aka daina a 1983. Irin wannan kupe mai inji V6 ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978. Saboda haka kayan inji da na ƙafa ana iya samun da yawa a jikin tsohuwar tasi, amma kayan ado sai dai ƴar uwarta.

Ko a cikin kupe ɗin ma ba duka ɗaya ba ne. Ta farko fitilun gabanta huɗu ne a rarrabe, a 1974 aka sake musu fasali, daga baya kuma aka bar parshok na ƙarfe mai ƙyalli aka koma na roba. Kowane sauyi ya zo da nasa maƙalan. Wanda bai fara da tantance shekarar motarsa ta lambar shasi ba, zai yi ta sayen abin da ba nasa ba.

Motoci irin waɗannan sun shigo mana ta hanyoyi da dama: wasu ma'aikatan Turawa suka bari, wasu manyan ƴan kasuwa suka sayo, wasu kuma cikin ayarin tsofaffin motocin da samarin Turai ke ratso Sahara da su a shekarun 1970 da 1980 su sayar a Arlit, Agadas ko Yamai. Ƙasarmu ta yi musu alheri ɗaya babba: bushewar iska. Motar da ta yi shekara 40 a Tawa sau da yawa ƙarfenta ya fi na wadda ta yi 10 a Kwatano lafiya, don gishirin teku bai taɓa ta ba. Abin da tsatsa ta bari kuwa, rana da hanya sun cinye. Zafin watan Afrilu da Mayu na busar da agaraf na roba har ya karye kamar ƙuli-ƙuli, hanyar jar ƙasa mai kunya-kunya ta girgiza bis ya faɗi. Shi ya sa motocinmu ke da jiki mai kyau amma adonsu cike yake da gyaran gaggawa na shekara da shekaru, kuma aikin mai rayawa shi ne ya rarrabe wanne ne na kamfani, wanne ne na bakin hanya.

Haƙora: shaidar da ba ta ƙarya

Abu na farko da ake dubawa shi ne haƙoran bulon, kaurinsa da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Ido ba ya isa a nan. Ana buƙatar ma'aunin kauri mai zamewa da ɗan ma'aunin haƙora mai kama da mataji, kuma duka biyun ba su da tsada.

Motocin Faransa, Jamus, Italiya da Japan da milimita ake auna nasu. M6 kaurinsa milimita 6, tazarar haƙoransa 1. M8 na yau da kullum tazararsa 1.25, M5 kuma 0.8. Faransawa na da wata ɗabi'a tasu: suna son M7, mai kan da kile 11 ke kamawa, girman da ba kasafai ake ganin sa a motar Jamus ko Japan ba. In ka ga an huda rami an cusa M8 a inda ɗaya gefen ke ɗauke da M7, ka san hannun wani ya wuce ta nan. A tsofaffin motocin Faransa na kafin 1970 kuma akwai M5 mai tazarar 0.75 ko 0.90, wanda M5 na yau zai fara shiga cikin ekurunsa, ya yi zagaye biyu ya cije.

Motocin Ingila su ne ciwon kai, kuma duk makanikin da ya taɓa kwance tsohuwar Land Rover ya ɗanɗana. Da inci ake auna su, kuma tsarin ba ɗaya ba ne. Akwai na Whitworth da ya samo asali tun 1841, mai kusurwar haƙori digiri 55, da ɗan uwansa mai ƙananan haƙora BSF. A 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka amince da tsari guda mai digiri 60, inda UNF ya fito, kuma shi ne ya mamaye motoci irin su MGB da Jaguar E-Type a shekarun 1960. Ƙananan bis na kayan lantarki da agogunan gaban direba kuma suna da nasu tsarin, BA. Mota guda sai ta ɗauki uku. Tsofaffin injunan MG na jerin T ma sun wuce nan: haƙoransu na milimita ne amma kansu na kile ɗin Whitworth, gadon da suka samo daga masana'antar Hotchkiss ta Faransawa da aka kafa a Coventry.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na kusanci. Bis ɗin Ingila da Amurka da ake kira 10-32 kaurinsa milimita 4.83 ne, tazararsa kusan 0.79, ga M5 mai 5 da 0.8. Kama da wane ba wane ba ne. Zai shiga, zai yi kamar ya riƙe, amma ko dai ya yi sako-sako ko ya ci haƙoran ramin. Haka kwata na inci, milimita 6.35, da M6. In ramin ekuru ne da aka yi wa walda a cikin ƙofa inda hannu ba ya kaiwa, to ɓarnar minti ɗaya ta zama aikin yanka kwano.

Bis na kwano, masu tsini da ke sara wa kansu hanya, su ma da lambobinsu: 2.9, 3.5, 4.2, 4.8. Al'adar garajinmu ita ce in ƙarami ya daina riƙo a sa babba. Daga ranar nan ramin ba zai sake karɓar na asali ba.

Abin da kan bis ke faɗa

Kan bis yana iya nuna zamaninsa. Mai tsaga ɗaya shi ne mafi tsufa. Mai gicciye na Phillips ya shiga motoci a tsakiyar shekarun 1930 ta hanyar Cadillac. Pozidriv ya zo a farkon shekarun 1960. Shi ma gicciye ne, amma in ka duba da kyau za ka ga ƴan siraran layuka huɗu a tsakankanin hannayen gicciyen. Na Japan suna kama da Phillips, amma wasu na da ɗigo guda a gefe, kuma turnabis ɗin Phillips kan zame a kansu ya cinye su. Masu gyaran babur sun san wannan. Mai tauraro shida, Torx, sai 1967 aka ƙirƙiro shi, kuma ya daɗe kafin ya yaɗu a motocin Turai. Ganin sa a adon motar 1965 ya isa hukunci.

Bayan tsaga sai siffa. Bis ɗin ado da ake gani a fili, a bakin ƙofa ko a kwalin ciki, galibi kansa na nutsewa cikin rami amma samansa ya ɗan yi tudu kamar ƙwayar wake, yana zaune cikin ɗan rondel mai kama da ƙoƙo don kada ya yaga fata ko yadi. Na kasuwa kansa a shafe yake ko kuma ya yi tulu. Bambancin ƙarami ne a tafin hannu, amma jere goma a bakin ƙofa ko yaro zai ga wani abu bai zauna ba.

Bulon kuwa har rubutu yake da shi. Lambar 8.8 da muke gani ƙarfinsa take faɗa, sama da ita akwai 10.9 da 12.9. Kafin wannan tsarin ya kankama wajen ƙarshen shekarun 1960, Jamusawa na rubuta 8G ko 10K, tare da sunan maƙerin kamar Kamax ko Verbus. A motocin Ingila ana ganin GKN ko alamar Rubery Owen, a na Italiya ana ganin Lobo. Na Amurka layuka ne: uku ko shida. Girman kan ma shaida ne: M8 na Jamus na yau kile 13 ke kama shi, na Japan 12, tsofaffin Volkswagen da Porsche na shekarun 1950 kuwa 14. Datsun 240Z da aka cika ta da bulon masu kan 13, an sake mata ƙarafa ke nan.

Launi, mayen ƙarfe, da wata guba da ba a faɗa wa yara

Kamfanoni ba sa barin ƙarfe tsirara, sai sun yi masa wanka da wani ruwan ƙarfe. Wani tutiya ce fara, wani tutiya mai ruwan ɗorawa da ke walƙiyar kore da ja, wani baƙi ne mai ɗan maiƙo, wani kuma kadmiyom mai fari-fari marar ƙyalli. Bis ɗin ado na waje da yawa tagulla ne aka lulluɓe da kurom. A nan mayen ƙarfe ke aiki: ba ya kama tagulla, kuma inoks ɗin da aka fi sayarwa, mai alamar A2, ko dai bai kama shi ba ko ya kama shi sama-sama. In bis bai kamu ba, ka ɗan kankare gindinsa. Rawaya ta fito, tagulla ce, tsohon kaya ne mai yiwuwa. In fari ne har ciki, inoks ne.

Launin asali ba a samansa ake nema ba. Ana duba ƙarƙashin kai da inda rondel ya rufe, wurin da rana da ƙura ba su kai ba. Ruwan ɗorawar da ma ba irin ta yau ba ce: Tarayyar Turai ta hana sinadarin kurom ɗin da ke ba da wannan launin a sababbin motoci daga 2007, shi ya sa na yanzu ya fi kodewa.

Akwai abin da ya fi daraja muhimmanci a nan. Kadmiyom guba ne. Ƙurarsa da hayaƙinsa na lalata huhu da ƙoda. A garajinmu kuwa wa ake miƙa wa tsofaffin bulon a ce ya goge su a injin gurza, ko ya ƙona su da wutar walda don su saki? Yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, ba ƙyalle a hanci. Duk mai gyaran motar da ta girmi 1980 ya kamata ya san haka. A jiƙa su cikin gazuwal, a wanke da buroshi mai laushi da hannu, kada a gurza, kada a ƙona.

Agaraf, wanda ba shi da suna a jikinsa

Wannan shi ne ya fi wuya, kuma shi Elhaji ke kuka a kai. Yawancin agaraf ba su da lamba. Kamfanonin mota ma ba su ke yin su ba, saye suke daga ƙwararru kamar A. Raymond na Grenoble, gidan da aka kafa tun 1865, ko Tinnerman na Amurka mai ekurun faranti da ke maƙalewa a bakin kwano. Wannan labari ne mai daɗi ta wani gefen, don agaraf iri ɗaya kan fito a motoci dabam-dabam na zamani guda, sai ka samu naka a jikin wata gawar mota da ba ka zata ba. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

In an rasa na asali, motar da kanta ake tambaya. Ana auna faɗin ramin da ke jikin kwano, a duba zagaye ne ko mai tsawo ko mai kusurwa huɗu. Ana auna faɗin kwarmin bayan baget inda agaraf ke zama. Ana neman inuwarsa, don wurin da ya zauna shekara 50 yakan bar sawunsa a tsohon fenti, in ba a riga an kankare ba. Ana gwada dama da hagu: in gefe ɗaya ramukansa daidai suke da juna, ɗaya kuma wasu sun fi wasu girma, an san inda aka taɓa. Ramin kamfani gefensa santsi ne kuma fenti ya shiga cikinsa. Ramin da aka huda daga baya yana da kaifi ta ciki da tsatsa a baki. Sannan a leƙa cikin ƙasan ƙofa da ƙarƙashin kafet, inda karyayyun agaraf ke faɗawa su kwanta. Ko rabi aka samu ya isa samfuri.

Sai takarda. Kowane kamfani na da littafin kayan gyara mai zanen kowane sashe a wawwatse, da lambar kowane bis da adadinsa, kuma yawancinsu suna intanet a yau. Gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux na ba da takardar shaidar ranar fitar mota. Mercedes na da katin bayanan kowace mota. Na Ingila da yawa ana samun nasu a ma'ajiyar gidan tarihin motoci na garin Gaydon. Littafin ba ya nuna launi ko alamar kai, don haka shi da tsohon ƙarfen tare suke aiki.

Mafi munin abin da ake yi in agaraf ya ɓata shi ne a huda baget ɗin kanta a buga mata ribe ta fuska. Na ga haka a motoci da yawa a garin nan. Bis ana sake shi, amma baget ɗin kupe da aka huda ba ta da magani.

Masu cewa a bar na da, da masu cewa a sa sabo

Masu ra'ayin asali na cewa da tsohuwar zuma ake magani: motar tarihi shaida ce, duk ƙarfen da aka cire an goge layi guda daga shaidar, kuma mai saye da ya san kan abu daga ƙananan abubuwa yake gane ko an kula da mota. Makanikai kuma na cewa mota don hawa aka yi ta, a hanyar Doso ba wanda zai tsayar da kai ya duba kan bis, kuma ba za a ajiye aiki wata uku ana jiran ƙulli daga Faransa ba. Su ma suna da hujja, don garaji ba ya ci sai mota ta fita.

Inda na rabu da masu tsananin asali shi ne kayan tsaro. Bulon na birki, na sitiyari, na ƙafa da na bel ɗin kujera, in ya gaji ko tsatsa ta ci shi, sabo ake sawa mai ƙarfin da ya dace, ko da alamar kansa ta yau ce. Sake yi wa tsohon bulon mai ƙarfin 10.9 wankan tutiya ma na iya sa shi ya yi gautsi ya karye ba gargaɗi in ba a yi aikin daidai ba. Inda na rabu da maigidan garaji kuma shi ne inoks. Na A2-70 bai kai 8.8 ƙarfi ba, kuma in ya haɗu da alminiyom da damshin damina, alminiyom ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari. Baget da yawa kuwa alminiyom ne.

Akwai ra'ayi na uku da ya fi kwanta mini. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, tana da yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Ta fifita adanawa a kan sakewa, ta ce a rubuta duk abin da aka canja, kuma ta yarda cewa sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta su ma tarihi ne. Ke nan ƙarfen da wani maƙeri ya ƙera wa mahaifin Elhaji a kan hanya don ya riƙe parshok ba abin kunya ba ne. In an cire shi, a ajiye shi cikin leda da bayaninsa.

Abin da ya shafi mai gado, makaniki da mai tarkace

Ga magada, maganar kuɗi ce kai tsaye. Dillali kan zo ya zagaya mota ya ce ai an canja komai, ya karya farashi, alhali mai motar bai san yadda zai musa ba. Wanda ke da hotunan motarsa kafin a kwance ta da ledojin tsofaffin ƙarafanta yana da bakin magana. Haka kuma a yi hattara da mai sayar da kwaikwayo da sunan tsohon kaya. Sabon fenti ko ledar da ta yi tsabta da yawa a kan abin da aka ce ya shekara 50 a shago abin tambaya ne.

Ga masu tarkace na Katako, kafin a sare gawar tsohuwar mota a kai ta awo, awa biyu da turnabis sun isa a cire baget da tambari da agaraf ɗinsu a ajiye gefe. A kilo nauyinsu bai kai komai ba.

Ga garaji kuwa, duk rigimar nan a ranar kwancewa ake hana ta, kuma ba ta cin kuɗi. A ɗauki hoto da salula kafin a taɓa kowane sashe. A samu kwali a zana ƙofa a kai, kowane bis da aka cire a soka shi a gurbinsa. Agaraf a leda, a rubuta daga ina ya fito, dama ko hagu. Wanda ya karye ma kada a yar. Kuma a gaya wa yaron garaji dalili. Wancan yaron ba sata ya yi ba, abin da ya saba gani ana yi ya yi, ba wanda ya taɓa ce masa gwangwanin nan ya fi fentin tsada.

Motar Elhaji tana nan a garajin, an fente ta, baget ɗinta na naɗe cikin tsohon zane. Ranar Asabar da ta wuce shi da maigidan garajin da yaron suka ɗaura mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika a igiya suka bi ƙasar wurin da aka kwance ta, suka kuma zazzage cikin ƙofofin biyu. Sun samu bis bakwai masu kan wake, da rondel mai ƙoƙo guda biyu, da agaraf uku, ɗaya lafiyayye. Shi aka auna, aka ɗauki hotonsa kusa da ma'auni, aka aika wa ɗan Elhaji da ke karatu a Liyon ya nemo irinsa.